Foklif mai batir ko mai dizal: ina ribar take ga mai sito?

Tun da kuɗin dizal ya tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800 cikin 'yan watanni a 2022, daga baya kuma ya haura 1,000, masu masana'antu da manyan sito-sito suka shiga duba duk wani inji da ke shan mai a harabarsu. Janareta ne kan gaba, sai manyan motoci, sai kuma foklif, wato ƙaramar motar nan mai ƙarafa biyu a gaba da ke ɗaga kaya ta jera su. Tambayar da ake yi a Kano, a unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, har da wasu sito-siton Dawanau, ita ce: lokaci ya yi da za a ajiye mai dizal a koma mai batir?

Amsa iri biyu ake ji. Wasu na cewa mai batir ba ta shan mai, saboda haka da zarar an saya kashe kuɗi ya ƙare. Wasu kuma na cewa a ƙasar da wuta ba ta zama, sayen inji mai dogaro da caji jefa kuɗi ne a rijiya. Kowanne ɓangare ya riƙo wani gefe na gaskiya ya saki sauran. Abin da ke raba gardamar shi ne inda wutar cajin za ta fito, da yawan awannin da motar za ta yi tana aiki, da irin kuɗin da za a saye ta da shi.

Ba sabuwar fasaha ba ce

Mutane da dama na ɗauka cewa foklif mai batir ta zo ne tare da motocin lantarki na zamanin nan. A gaskiya ta girme su nesa ba kusa ba. Tun 1906 kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania a Amurka ke amfani da kekunan ɗaukar kaya masu batir a tashar Altoona, kuma a 1923 kamfanin Yale ya fito da mai lantarki wadda ke ɗaga kaya sama da ƙarafan gaba. Yau ana sayar da irin waɗannan injina sama da miliyan 2 a shekara a duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku, ko fiye, masu lantarki ne. A Turai kason ya wuce kashi 80 cikin 100.

Sai dai akwai abin lura a wannan adadi, domin dillalai na son ambatonsa. Babban kaso na waɗannan masu lantarki ƙananan injina ne da mutum ke bi a ƙafa yana ja, masu ɗaga falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, ɗan kaɗan daga ƙasa su kai shi gaba. Manyan da direba ke hawa, masu ɗaukar tan 5 ko 10 a fili cikin rana da ruwan sama, har yanzu dizal na da ƙarfi a cikinsu. Don haka in an ce duniya ta koma lantarki, a tambaya: wane girma, kuma a wane irin wuri?

Manyan masu ƙerawa sanannu ne: Toyota ta Japan, da rukunin KION mai Linde da STILL, da Jungheinrich na Jamus, da Crown da Hyster-Yale na Amurka. Abin da ya sauya kasuwa a 'yan shekarun nan shi ne shigowar kamfanonin Sin irin su Heli da Hangcha da BYD da EP, tare da batirin litiyom mai rahusa, wanda ya rage tazarar farashi tsakanin mai batir da mai dizal.

Batir iri biyu, hali iri biyu

Na farko shi ne batir mai ruwa, ɗan'uwan na mota amma ƙato, mai farantan dalma a cikin asid. Ya fi araha, kuma masu gyaran batir na gida sun san cikinsa. Amma yana da ƙa'ida mai tsauri: awa 8 yana aiki, awa 8 yana caji, awa 8 yana hucewa. Ba a barinsa ya sauka ƙasa da kashi 20. Ana ƙara masa tataccen ruwan batir a kai a kai, bayan caji, ba ruwan famfo ko na rijiya ba. Lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin wadda ke iya fashewa in ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, shi ya sa yake buƙatar wuri mai shan iska, nesa da wuta da sigari da walda. In an kiyaye duk wannan, yakan yi caji kamar 1,500, wato wajen shekara biyar ga mai aikin yini ɗaya. Wanda ke aiki dare da rana kuwa sai ya sayi batir biyu ko uku ga kowace mota, da abin ɗaga su, domin ɗaya kan kai tan guda ko fiye.

Na biyu shi ne litiyom, galibi nau'in da ake kira LFP, irin wanda masu sola suka saba da shi yanzu. Ba a zuba masa ruwa, yana cika cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma ana iya jona shi na minti 20 ko 30 a duk lokacin da aka tsaya ba tare da ya lalace ba. Yakan yi caji 3,000 ko fiye, kuma wutar da ke salwanta a caji kaɗan ce idan aka kwatanta da mai ruwa. Kuɗinsa ne ya fi yawa, kuma yana da na'ura a ciki mai kula da shi wadda in ta samu matsala sai mai kwamfutar kamfanin ne zai iya dubawa.

A yanayinmu, ni dai na fi karkata ga litiyom, saboda dalili biyu. Zafi na cin batir mai ruwa: ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage rayuwarsa da rabi, ga shi kuma a watan Afrilu zafin Kano na haura 40, cikin sito mai rufin kwano ma ya fi haka. Sannan wutar da ke zuwa ta ɗauke ba ta dace da batirin da ke son awa 8 a jere ba. Cajin da ake katsewa kullum na kashe shi kafin lokacinsa. Litiyom ma ba ya son zafi mai tsanani, amma ya fi jure wutar da ke zuwa guntu-guntu.

Daga ina wutar za ta fito?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne ya kamata mai sito ya ɗauki biro da takarda.

Foklif mai ɗaukar tan biyu da rabi, in mai dizal ce, takan sha lita biyu zuwa uku a awa ɗaya na aiki sosai. Takwararta mai batir kuma takan ci yunit 6 zuwa 7 na wuta, a ce 8 in an haɗa da abin da ke ɓacewa a caja. Mu ɗauka, don misali kawai, cewa litar dizal na kan naira 1,200. Lita biyu da rabi ta zama naira 3,000 a awa. Wutar rukunin Band A, wato na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, wadda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 kafin ta dawo wajen 209, a ce 210: yunit 8 ya zama naira 1,680. Bambancin ya kai naira 1,320 a kowace awa. Motar da ke aiki awa 2,000 a shekara ta yi tsimin naira miliyan 2.6 da ɗoriya. Wadda ke aiki awa 500 kacal, kamar ta siton da ke cika lokacin kaka ya koma shiru, tsiminta naira 660,000 ne. Kowa ya sa farashin da yake biya a yau a gurbin waɗannan, hanyar lissafin ba ta sauyawa.

To yanzu a ce babu wutar gwamnati, da janareta za a yi cajin. Janareta mai lafiya na ba da yunit 3 ko ɗan sama da haka daga kowace litar dizal. Yunit 8 ke nan na cin wajen lita biyu da rabi. An koma gidan jiya: man da aka hana foklif an zuba wa janareta. Akwai ɗan sauƙi, gaskiya, domin mai dizal na ci gaba da shan mai ko tana tsaye tana jiran a kwance tamfol, ita kuwa mai batir in ta tsaya ba ta cin komai. Haka nan in janaretan dama yana kunne don wasu injina kuma bai cika lodi ba, ƙara masa caja bai kai tsadar tayar da shi don cajin kaɗai ba. Amma duk wanda ya ce maka za ka rage kuɗin mai da rabi alhali da janareta za ka riƙa caji, bai yi lissafi ba.

Band A alkawarin awa 20 ne a rana, kuma ba kowace unguwar masana'antu ke kai ba. Ko masu kai ɗin ba su manta Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu sama da mako guda. Siton da duk motocinsa masu batir ne kuma ba shi da wata hanyar caji, a irin wannan mako tirela za ta tsaya a ƙofa ana biyan kuɗin jira.

Hanya ta uku ita ce sola, kuma a nan yankinmu ya fi Turai sa'a. Farantin sola na kilowat ɗaya na ba da yunit huɗu zuwa biyar a rana a Arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Motar da ke aiki na haƙiƙa awa biyar a yini na buƙatar yunit 40, wato farantai na kilowat 8 zuwa 10, ga kuma rufin sito mai faɗi zaune ba ya komai. Da batirin litiyom, ana iya jona motar da safe kafin lodi ya kankama, a sake jonawa lokacin sallar Azahar da cin abinci, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Wannan haɗi na sola da litiyom shi ne inda riba ta fi fitowa fili, amma kuɗin faranti da inbata dole su shiga cikin lissafin tun farko. Kuma a sani cewa caja mai sauri na jan kilowat 10 zuwa 20 ko fiye, a kan layi uku. Kafin a biya kuɗin mota, a kira mai aikin wuta ya duba taransfoma da wayoyi, ya kuma sa abin kare cajar daga hawa da saukar wuta.

Ban da mai, akwai gyara. Mai batir ba ta da juyen baƙin mai, ba matatar mai, ba lagireto, ba fanbel, ba fulogi ko nozul. Abin da ya rage shi ne taya, da birki, da sarƙa, da man haidurolik. Wanda ya taɓa zuba gurɓataccen dizal ya ga yadda ya ci masa famfon inji ya san darajar wannan.

Daɓen sito da irin kayan da ake ɗauka

Foklif mai ɗaukar tan biyu da rabi ita kanta ta kai tan huɗu ko fiye. Yawancin masu batir an ƙera su ne don daɓen siminti mai santsi, cikinsu kusa da ƙasa yake, tayoyinsu kuma daskararrun roba ne. A harabar da ke da ramuka, ko laka da damina, ko hawa mai tsayi zuwa bakin mota, za ta wahala, girgiza kuma na sassauta wayoyi. Akwai waɗanda aka yi don waje, masu manyan taya da rufaffen jiki da ƙura da ruwa ba sa shiga. Alamar IP54 a takardar mota na nufin an kare ta daga ƙura da feshin ruwa, kuma ga mai aiki cikin hazon hunturu da ƙaiƙayin hatsi wannan lamba ta cancanci a nema.

Nauyin da aka rubuta a jikin mota shi ma yana da sharaɗi. Tan biyu da rabi na nufin tsakiyar nauyin kayan na nisan santimita 50 daga gindin ƙarafan. In kayan sun fi tsawo, ko za a ɗaga su mita biyar ko shida, abin da za ta iya ya ragu. Batirin kansa wani ɓangare ne na nauyin da ke riƙe motar kada ta kife gaba, shi ya sa akwai mafi ƙarancin nauyin batir a rubuce a jikinta. Masu sayo tokumbo su cire batir mai ruwa su sa litiyom mara nauyi ba tare da ƙara ƙarfe ba suna wasa da ran direba.

Akwai wuraren da ba a ma buƙatar dogon lissafi. Siton magani, ɗakin sanyi, wurin sarrafa abinci, da inda ake tara riɗi ko zoɓo ko citta don fitarwa waje, duk hayaƙi ba ya da gurbi a cikinsu. Tun Yunin 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Yaron da ke yini cikin kwantena ko rufaffen sito yana shaƙarsa shi ke biyan wannan kuɗin da ƙirjinsa, ko da bai bayyana a littafin akanta ba.

Da wane kuɗi za a saya?

Mai batir ta fi tsada a ranar saye, ta fi araha a kowace rana bayan nan. Irin wannan kaya kuɗin ruwa ne babban abokin gabarsa. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuwa na ɗora nasu a kai har ya kai 30 ko fiye. A ce, don misali, mai batir da cajarta sun ɗara mai dizal da naira miliyan 8. Ruwan kashi 30 a kan wannan ƙari kaɗai naira miliyan 2.4 ne a shekarar farko. Ga mai awa 2,000 a kan wutar gwamnati, tsimin mai ya biya ruwan da ƙyar, sai tsimin gyara ya zama ribarsa. Ga mai awa 500, asara ce tsagwaronta.

Shi ya sa hanyar samun kuɗin ke da nauyi daidai da zaɓen motar. Bankin Masana'antu na ba da rancen sayen injina a kan ruwa ƙasa da na bankunan kasuwanci, sai dai yana son rajistar kamfani, da littattafan kuɗi tsaf, da jingina ko lamunin wani banki, kuma yana ɗaukar lokaci. Dokar 2017 kan jingina da kadarorin da ake iya ɗauka ta ba da damar a sa injin kansa a matsayin jingina, abin da ke taimakon wanda ba shi da takardar fili.

Ga 'yan kasuwar da ke gudun riba, bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus na da murabaha, inda banki zai sayi motar ya sayar maka da ƙarin da aka yanke tun farko ka biya kashi-kashi, da kuma ijara, inda motar ke zama ta banki kana biyan haya, a ƙarshe ta zama taka in haka aka shirya. Wannan na kawar da damuwar addini, amma a duba jimillar abin da za a biya, domin su ma farashinsu na bin yanayin kasuwar kuɗi.

Akwai kuma haya ta dogon lokaci daga dillali, wadda gyara ke kansa. Ga wanda bai taɓa riƙe mai batir ba, ina ganin wannan ta fi aminci, domin in batir ya mutu ba shi zai ɗauki asarar ba. A karanta yarjejeniyar da kyau: awa nawa aka yarda a shekara, nawa ne tarar wuce su, cikin awa nawa makaniki zai iso, kuma da naira ake biya ko an ɗaure ta da dala. Wanda ya sa hannu a kan dala kafin Yunin 2023, lokacin tana wajen naira 460, ya ga yadda ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo.

Batun haraji ma na rikita mutane. A 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki, sai wasu suka ɗauka foklif na ciki kai tsaye. A littafin kwastam foklif na da nata layin daban, lamba 8427, ba ta cikin layin motocin hawa titi. Mai shigowa da ita ya nemi bayanin abin da zai biya a rubuce kafin kaya su taso.

Yadda ake sauyawa, da waɗanda abin zai shafa

Ba a sayar da tsofaffi duka rana ɗaya. Mai motoci huɗu ya fara da ɗaya, wadda ta fi yini a cikin sito, ya bar mai dizal a harabar waje da kuma don ranar da wuta ta ƙi. Kafin nan ya yi wata guda yana rubuta awannin kowace mota daga mitarta da litar da ta sha, domin yawancin masu sito na ƙiyasi ne kawai. In dillali ya yarda a gwada motar na mako biyu a wurin aikin, a yi gwajin cikin bazara. Sannan a tambaye shi kai tsaye: ina makanikinka yake zaune, Kano ko Legas, kuma kayan gyara na ƙasar nan ko sai an yi odarsu daga Sin? Ga mai sayen tokumbo, lafiyar batir ce rabin cinikin, sai an auna ta da lodi kafin a biya.

Direbobi na buƙatar sabon horo. Mai batir na tashi da ƙarfi nan take, kuma ba ta da ƙara, saboda haka wanda ke tafe a ƙafa ba ya jin zuwanta. Oda, da fitila mai haska ƙasa a gabanta, da layin fenti da ya raba hanyar mutane da ta mota, duk sun zama wajibi. A Amurka doka ta tilasta a horar da direban foklif a kuma sake gwada shi duk shekara uku, kuma babu abin da zai hana mai sito a nan ya ɗora wa kansa wannan ƙa'ida.

Tsohon batir mai ruwa kuma kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo da kuɗi. Masu fasa shi a bayan gari su zubar da asid su narka dalma a fili suna shuka guba a ƙasa da ruwan sha. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. A sa sharaɗi a yarjejeniya cewa dillali zai karɓi tsohon batir ya kai inda ake sarrafa shi bisa ƙa'ida.

Sai 'yan dako. Foklif, mai batir ko mai dizal, ba ta ɗaukar buhu sai an jera shi a kan falet, kuma yawancin sito-siton hatsi a kasuwanninmu har yau a ka da kafaɗa ake jera buhu tun daga ƙasa har rufi. Muddin haka ake, aikinsu na nan. Amma tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtuwa, da masu sayen kaya daga waje da ke son a loda kwantena a kan falet, za su riƙa tura manyan 'yan kasuwa zuwa ga inji, kuma ƙaramar mai batir da ake bi a ƙafa ta yi arahar da matsakaicin ɗan kasuwa zai iya saye. Aikin da mutum goma ke yi zai koma na uku. Mai siton da ya shigo da inji yana da damar ya zaɓi direbobinsa da masu kula da caji daga cikin matasan da suka shekara suna ɗaukar masa buhu, ya biya musu kuɗin horo. Su suka san inda daɓen ya fashe, da kwanar da ba a hango mai zuwa, da buhun da in aka zare sauran za su rufto.